Takalmin Tsohuwa a Bakin Ƙofa

Duk ranar Alhamis bayan la'asar, idan Marsudi ya dawo daga ziyarar maƙabarta, sai ya biya ta gidan Pak Darmaji, wato Baba Darmaji a yarensu, ya ajiye masa nonon ayaba a kan bencin baranda. Ba ya zama. In mai gidan yana nan su gaisa, in ba ya nan ya ajiye ya wuce. Shekara biyu ke nan bai fasa ba, ko ana ruwa ko ana rana. Wanda bai san lungun ba sai ya ɗauka tsofaffin aminai ne. Alhali akwai lokacin da Marsudi ke canja hanya in ya hango wannan dattijo, yana kuma kiransa da sunayen da bai dace a maimaita ba.

Lungun Kenanga yana kudu da tashar jirgin ƙasa ta Yogyakarta. Ƙuncinsa ya kai in kana kan babur dole ka sauka, ka kashe inji, ka tura. Gida talatin da ɗaya ne a cikinsa. Da can kowane gida da mutanensa, har aka wayi gari masu yawon buɗe ido sun gano cewa kwana a lungu ya fi otal araha, ya kuma fi kyau a hoto. Wannan ya yi wa gidansa fenti ya koma sabuwar unguwa, wancan ya bi sahu. Sai ka ga an rataya ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a jikin ƙofa, makulli na ciki. Baƙo ya biya ta waya, a turo masa lamba, ya buɗe ya shiga, ya kwana biyu ya tafi, bai ga mai gida ba, mai gida bai gan shi ba. Cikin shekara biyar gida goma sha ɗaya suka zama haka.

Na Marsudi yana cikinsu, sai dai ba nasa ba ne. Na mahaifiyarsa ne, Mbah Ngatinem, kamar a ce Kaka Ngatinem, sunanta ne a takarda tun rasuwar mijinta. Ɗaki huɗu, ginshiƙan katako, da bishiyar gwaiba a ƙofa. Marsudi direba ne mai kai baƙi wuraren tarihi, shekararsa hamsin da biyu, yana zaune da matarsa Warsini a gidan haya can bayan gari. A bakin fasinjojinsa ya ji abin da ake biyan ɗaki a lungu irin nasu, maganar ta shiga kansa ta ƙi fita. Sai ya je ya ce wa tsohuwar rufin gidan ya ruɓe, ta koma wajen ƙanwarsa Tumini ta yi mako biyu kafin a gyara. Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce tun tana bakinsa. Mako biyu ya zama shekara uku.

Tumini ba ta rage ta da ci ko sha ba. Amma unguwarta irin sabbin nan ce masu katanga da maigadi, inda maƙwabci ya san motar maƙwabcinsa bai san sunansa ba. Tsohuwa ta wuni a kujera tana kallon ƙofar ƙarfe. Ta rame, maganarta ta ragu. Duk zuwan Marsudi tambayarta ɗaya ce.

"Le, an gama rufin?" Haka take kiransa, kiran da uwa ke yi wa ɗanta ko ya yi furfura.

"Saura kaɗan, Mbok," in ji shi, wato Inna.

"To. Ka dai san ta ƙofata nake so in fita. A gindin gwaibar nan aka ɗaga makarar ubanku kuka bi ta ƙarƙashinta. Kada ku fitar da ni ta ƙofar mutane kamar kayan aro."

"Haba Mbok, wa yake maganar mutuwa yanzu?"

"Wanda ya kusa da ita."

Sai ya yi dariya, ya ajiye mata ledar magani, ya tafi.

Abin da ya tayar da lungun shi ne rasuwar wani tsohon tela. An ɗaura farar tuta a bakin lungu kamar yadda aka saba, an fito da kujeru, amma da aka zo ɗaukar makara sai aka rasa mazan da za su riƙa karɓar juna har maƙabarta. Sai da aka aika lungun gaba aka aro mutane. Ana cikin haka wani baƙo ya fito daga gidan Mbah Ngatinem da gajeren wando, ba riga, yana ɗaukar makarar hoto, abokiyar tafiyarsa na bayansa tana jan akwati mai taya, tana nuni da hannu a ba ta hanya.

Pak Darmaji shi ne mai unguwa, jama'a suka zaɓe shi, ba shi da albashi. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi shekara talatin yana ba jirage hannu, don haka a wajensa ja ja ne, kore kore ne. Ranar Lahadi bayan aikin gayya na share kwata ya tara mutane a barandar masallaci, ya sa aka kira har waɗanda suka tashi daga lungun. Aka zuba shayi, aka ajiye dafaffiyar gyaɗa, ya sa tabarau ya karanta abin da shi da dattawa suka rubuta.

Duk gidan da zai sauki baƙi don kuɗi, dole wanda sunansa ke takardar gidan ya zama yana kwana a cikinsa. Makulli hannu da hannu za a ba baƙo, a gaya masa yadda ake zama a lungu, akwatin lamba ya sauka daga ƙofa. In kuma aka ɗaura farar tuta, babu saukar baƙo sai bayan kwana uku. Wanda ya ƙi, maƙwabta ba za su sa masa hannu a takardar izini ba, ofishin gunduma kuwa ba ya buga hatimi in babu hannun maƙwabta. Za a gwada wata shida, sannan a sake zama.

Marsudi ya miƙe tun kafin a naɗe takardar.

"Pak, da izininka. Gidan nan kai ka gina mana?"

"A'a."

"Harajinsa kai kake biya?"

"A'a, Mas Marsudi. Sharar baƙinka dai ni nake kwashewa. Ranar Laraba ma kwalabe bakwai na tsince a kwata. Ban san ruwan me ke ciki ba, amma ba zamzam ba ne."

Aka yi dariya. Marsudi ya harzuƙa.

"Hassada ce kawai. Wanda bai iya nema ba shi ke hana mai nema."

"Nemi abinka, Mas, babu wanda ya riƙe maka hannu. Mu dai muna so in mun yi sallama a ƙofa a amsa mana. Akwati ba ya amsa sallama, ba ya kuma ɗaukar makara."

Aka ɗaga hannu, gida ɗaya ƙuri'a ɗaya. Goma sha bakwai suka yarda, goma sha ɗaya suka ƙi, ukun da suka rage suka sunkuyar da kai suna ɓare gyaɗa.

Cikin masu gidajen baƙi wasu suka dawo suka zauna, wasu suka ba ɗalibai haya ta wata-wata, ɗaya ya sayar. Marsudi ya zaɓi dabara. Ya je gidan Tumini ya ɗauko tsofaffin silifas na uwarsa, da zaninta ɗaya, da 'yar rediyonta. Ya jera takalmin a bakin ƙofa, ya shanya zanin a igiya, ya kunna rediyon a ɗakin baya ya kulle. Ya rubuta a takardar izini cewa mai gida Mbah Ngatinem ce kuma tana kwana a ciki. Ga maƙwabta kuwa ya ce Mbah ta dawo, amma ba ta jin daɗi, likita ya hana a dame ta. Mutumin da ya iya yi wa uwarsa ƙarya, yi wa maƙwabta ba ya masa wuya.

Bayan kwana shida, da hantsi, Marsudi ya zo miƙa wa wasu baƙi makulli, sai ga Pak Darmaji da nonon ayaba a hannu yana sallama.

"Na zo gaida Mbah."

"Tana barci, Pak."

"Madalla. Barci magani ne. Zan jira."

Ya zauna a bencin gindin gwaiba ya ɗora ayabar a cinya. A lungun nan wanda ya zauna a ƙofarka ba a tambayarsa yaushe zai tashi, shayi ake kawo masa. Marsudi ya shiga ya dafa shayi yana cizon leɓe. Pak Darmaji ya sha a hankali, ya yabi sukarin, ya yi maganar tsadar albasa, ya ba da labarin wani jirgi da ya taɓa tsayarwa saboda saniya. Aka sake kawo shayi. Aka kira azahar.

"Mbah ba ta tashi salla ba?"

"A zaune take yi, a ɗaki."

"Allah ya karɓa. Alwalar ma a ɗaki? Na ga takalmin nan nata tun ranar Litinin yana kallon gabas. Duba, gizo-gizo har ya yi saƙa daga wannan ƙafa zuwa waccan."

Marsudi bai duba ba.

"Zanin can ma ruwa ya dake shi sau uku. Ni da na san Mbah Ngatinem, in hadari ya taso ita ke kwashe shanyar maƙwabta tana yi musu faɗa. Ciwon nan lalle ya kama ta sosai."

A daidai lokacin rediyon ɗakin baya ya gama waƙa, wani ya shiga bayanin wasan ƙwallo da ƙarfi. Pak Darmaji ya karkata kunne.

"Ashe har ƙwallo ta fara bi. Wace ƙungiya take so?"

"Pak, in magana gare ka ka faɗa."

Dattijon ya ajiye kofi. Wasan ya bar fuskarsa.

"Zan faɗa, kuma ba mai unguwa ne ke magana ba. Jiya na je gidan Tumini. Uwarka ta riƙe hannuna da hannu biyu ta tambaye ni ko an gama rufin. Tun da na zauna a nan nake ɗaga kai, ban ga abin da ya sami rufin nan ba."

"Me ka ce mata?"

"Na ce zan tambaye ka. Ga shi na tambaya." Ya miƙe, ya ɗora ayabar a kan benci. "Wannan ta Mbah ce. Ko ka kai mata inda take, ko ka kawo ta inda ayabar take. Yanzu kuma mai unguwa ne ke magana: ranar Juma'a zan je ofis."

Ranar Alhamis Marsudi ya ɗauko uwarsa. Kada a yi masa ƙaryar alheri: ba nadama ce ta tura shi ba. Hutun makaranta ya kusa, an riga an kama ɗakuna, in izini ya faɗi komai ya faɗi. Kuma da yake ba a barin mai shekara tamanin ita kaɗai da baƙi, dole shi da Warsini suka saki gidan haya suka tare a ɗaki ɗaya. Ɗakunan baƙi suka koma biyu.

Mota ba ta shiga lungu, don haka a bakinsa aka sauke ta. Tafiyar da ba ta kai taku ɗari ba sai da ta ci rabin awa, domin kowace ƙofa aka wuce sai mace ta fito da hannu jiƙe da ruwan wanki ta rungume ta. Da ta iso gindin gwaiba ta tsaya, ta dogara da sanda, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sama.

"Rufin ya yi kyau, Le."

Ta kaɗe yanar gizo-gizon da sandarta, ta cire takalmin da Tumini ta saya mata, ta zura tsofaffin silifas ɗinta.

A ranar ta cinye shinkafa faranti guda, ta nemi ƙari, ta ci ayaba biyu. Kafin mako ya zagayo ta koma sharar ƙofa da sassafe, ta koma zagin kajin maƙwabta da sunayen masu su. Matar da ta yi shekara uku tana kallon ƙofar ƙarfe, yanzu ita ke sanin wa ya haihu, wa ya yi yaji, wa ke sayar da waken suya mai kwana biyu. Makullin baƙi ma ta karɓe shi. Ba ta jin yarensu, ba sa jin nata, amma in ta nuna takalmin mutum da sanda ya san abin da ake nufi. Wanda ya fito ba riga ta kan miƙa masa tsohon zanin mijinta, ta tsare shi da ido har sai ya yafa. Wasu baƙin suka so ta, har da masu durƙusawa su sumbaci hannunta ranar tafiya. Wasu kuma suka rubuta a waya cewa gidan yana da tsabta, amma akwai tsohuwa mai shara tun duku-duku, ga tambayar wa ya auri wa.

Marsudi yana ganin ƙibar uwarsa, yana jin dariyarta ta bango, amma abin da ya fi tsaya masa shi ne ɗakuna biyun da ya rasa. Samu ya ragu, har ya sayar da babur ɗinsa. In ya ga Pak Darmaji tafe sai ya shige shagon aski ko da jiya aka yi masa. Da wata shida ya kusa cika ya shiga bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Ya gaya wa mai sayar da shinkafa baƙi sun ragu, cinikinta ne ke mutuwa. Ya gaya wa mai wanki haka. Ba duka maganarsa ce ƙarya ba, shi ya sa ta shiga. Ya ƙidaya ya ga in kowa ya cika alkawari, su goma sha shida ne da shi, doka ta faɗi. Ya riga ya yanke a ransa cewa washegari zai sake gano wata ɓaraka a rufi.

Ranar zaman, barandar masallaci ta cika har kan matakala. Pak Darmaji ya ce masu son doka ta ci gaba su ɗaga hannu. Goma sha biyar. Masu son a soke. Marsudi ya ɗaga nasa sama da na kowa, mai ƙidaya ya bi hannuwa yana faɗa, ya kai goma sha shida.

Kafin a rubuta sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan siminti. Mbah Ngatinem ce, Warsini na riƙe da gwiwar hannunta, ta kasa haɗa ido da mijinta. Aka matsa aka ba tsohuwa wuri, ta ƙi zama.

"Wane ne ya ɗaga hannu da sunan gidana?"

Pak Darmaji ya buɗe jakarsa ya fito da takarda, ya gyara tabarau.

"Mas Marsudi, wannan rubutunka ne ko? Ka ce mai gida Mbah ce, tana kuma kwana a ciki. To ga mai gida ta zo. Gida ɗaya ƙuri'a ɗaya."

"Pak, tsohuwa ce, ba ta san abin da ake tattaunawa ba."

"Na sani sarai," in ji ta. "Ana tattauna ko zan kwana a gidana ko ba zan kwana ba. Sauke hannunka, Le, hammatarka ta jiƙe, mutane na gani."

Har waɗanda suke bayansa sai da suka yi dariya. Ta juya wajen mai ƙidaya ta ɗaga sandarta sama.

"Sa ni a wajen Darmaji. Ba don ina son fuskarsa ba."

Goma sha shida da goma sha biyar. Doka ta zauna.

Marsudi bai jira addu'ar tashi ba. Ya je bakin titi ya wanke motarsa da ba ta da datti, ya sake wankewa, sai la'asar ya koma gida. Ya same ta a gindin gwaiba tana tsince tsakuwa a shinkafa.

"Mbok, kin kunyata ni a gaban jama'a."

"Zauna."

Ya zauna a ƙarshen benci. Ba ta ɗago daga faifan ba.

"Rufin nan ubanka ya sauya shi shekara biyu kafin ya mutu. Ni nake miƙa masa ƙusoshi. Tun ranar da ka zo da maganar ruɓewa na san lafiyarsa ƙalau."

"To me ya sa kika bi ni?"

"Don kada in ƙaryata ɗana a gaban ƙanwarsa da matarsa. Na ce yaron nan zai ji kunya ya dawo da ni. Shekara uku ina tambayarka, ina jira ka gaji ka faɗi gaskiya. Ba ka gaji ba. Kana da ƙarfi, Le, kamar ubanka, sai dai shi a noma ya sa nasa."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga nan ya zame daga benci ya durƙusa, ya kifa fuskarsa a gwiwarta kamar yadda 'ya'ya ke yi wa iyaye ranar Salla, alhali ba Salla ba ce. Ya fashe da kuka. Ta bar shi ya yi, sannan ta dafa kansa da hannun da ke ɗauke da garin shinkafa.

"Tashi, ka yi min nauyi. Na yafe tun tuni. Ina dai so ka san na sani."

Daga ranar ya bar maganar soke doka. Shi ke kai ta asibiti a keken guragu na masallaci, shi ke yanke mata farce. Amma da Pak Darmaji har lokacin gaisuwar nesa ce. Girman kai ya fi ƙarya wuyar fita.

Wata huɗu bayan haka, ranar wata Talata, ta yi asuba, ta share ƙofa, ta zauna a benci ta jingina da gwaiba. Warsini ta kawo mata shayi ta tarar ta riga ta tafi, tsintsiya na gefen ƙafarta.

Kafin rana ta ɗaga an ɗaura farar tuta. Akwai baƙi biyu a gidan, wani iyali kuma na kan hanya daga Surabaya. Pak Darmaji ya shigo lungu da niyyar tuna masa sharaɗi, sai ya ci karo da Marsudi ɗauke da jakunkunan baƙin a kafaɗa, ya riga ya sama musu ɗaki kusa da tasha. Dattijon ya matsa ya ba shi hanya.

Aka fitar da gadajen baƙi aka shimfiɗa tabarmi. Mata suka cika kicin ba tare da an kira su ba, kowacce da wuƙarta da tukunyarta. A ɗakinta aka yi mata wanka, matan da ta yi shekara sittin tana faɗa da su suka yi. Da aka zo ɗauka ba a aika lungun kowa ba. Waɗanda doka ta dawo da su suna nan, ɗaliban da ke haya suna nan, maza har suna jiran layi.

A gindin gwaiba aka tsaya aka ɗaga makara sama da kafaɗa, domin 'ya'ya da jikoki su sunkuya su bi ta ƙarƙashinta sau uku, ban kwana na ƙarshe a inuwar uwa. Wasu malamai na cewa abin ba shi da asali. Tsofaffin lungun ba su taɓa yi musu gardama ba, ba su kuma daina ba. Marsudi ne babba, shi ya fara. Da ya sunkuya babu abin da yake gani sai ƙafafu. Ya ga takalminta a bakin ƙofa inda aka ajiye shi da safe. Ya ga ƙafafun masu ɗauka, na gaba a dama busassu ne masu faso, suna ɗan karkarwa da nauyi, ya gane na Pak Darmaji ne, mutumin da shekarunsa suka wuce na ɗaukar makara. A zagaye na biyu ya tuna abin da ya shirya wa washegarin ƙuri'a. Da an bar shi da dabararsa, da yau ta ƙofar ƙarfen Tumini za a fitar da ita a saka a motar asibiti, maigadi ya ɗaga sanda, maƙwabta su leƙo ta taga suna tambayar wace ce. A zagaye na uku sai da Tumini ta kama hannunsa ya iya miƙewa.

Bayan addu'ar bakwai ya sayi nonon ayaba ya nufi gidan da ya yi shekara yana kauce wa. Ya tarar da Pak Darmaji a baranda yana shafa man zafi a kafaɗa.

"Pak."

"Na ga abin da ke hannunka. Ajiye."

"Na zo ne in ce, da ba don dokar nan ba..."

"Ban yi doka don uwarka ba, Mas. Don kwalabe na yi, da makarar tela. Kada ka ɗora min rigar da ba tawa ba."

"Amma ka je gidan Tumini. Wannan ba ya cikin takarda."

Dattijon ya rufe kwalbar man.

"Wannan tsakanina da ita ne. Ina ɗan shekara takwas ta kama ni a kan gwaibarku, rigata cike. Tana amarya lokacin. Ba ta gaya wa ubana ba, da ya karya ni. Ta dai ce in na girma in riƙa leƙa ta." Ya ajiye kwalbar a gefe. "Na makara da shekara uku. Ni ma ina da nawa laifin."

"Duk da haka na gode, Pak. Wata goma ka ba ni da ita. Ban nema ba, ban cancanta ba, ina zaginka ma aka ba ni."

"Na ji zagin, lungun ba shi da faɗi. Wasu sunayen ma sun yi daɗi." Ya ɓalli ayaba ɗaya ya ɓare. "Yanzu takarda za ta koma sunanka da na Tumini. Ka san sharaɗi."

"Na sani. Ina nan."

"To ranar Lahadi akwai share kwata. Ka zo da fartanya, ka bar bakin a gida."

Yana nan har yau. Ɗaki biyu na baƙi, biyu na masu gida, makulli hannu da hannu. Shi ke nuna wa baƙi takalminsu yanzu, ko da yake bai iya tsare mutum da ido kamar yadda ta iya ba. Silifas ɗinta kuwa suna bakin ƙofa. Baƙi kan tambaya na wane ne, ya ce na mai gidan ne. Kowace safiya in Warsini ta zo shara sai ta ɗaga su ta share ƙarƙashi, ta juya su wani gefen, don kada gizo-gizo ya samu wurin saƙa.